Yammacin da Injin Lissafi Biyu Suka Kusa Cinye Akuyata

Tsufa ya fara ƙwace mini abubuwa, har tabarau nakan nema alhali yana kan hancina, amma yammacin da aka gwada injin lissafi biyu a ƙofar gidanmu a Gumel ba zai fita daga raina ba sai ran da aka tura mini ƙasa. Abin da ya taso mini da shi kwanan nan, jikokina ne biyu suka cika mini falo da musu a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur. Wannan ya ce tasa ta fi gudu, wancan ya ce gudun banza, tasa ba ta ɗaukar zafi kuma ba ta shan wuta. Suna ta jera lambobi kamar masu karanta lambar mota. Na yi dariya har na ƙware. Suka ce, "Hajiya, ke me kika sani a wannan harka?" Na ce musu na san wannan musu tun ba a haifi uwarsu ba, kuma a nawa har rai aka sa a tsakani.

Ina aji shida a firamare a lokacin, 'yan shekaru bayan babban farin nan da ya kwashe dabbobin mutane. Kunyata ta wuce misali. In baƙo ya yi sallama, bayan randa nake shigewa. Malamin ajinmu ya taɓa aiko wa Inna tambaya ko ina da lalurar magana ne. Sai dai idona ba ya jin kunya, komai ƙanƙantar abu sai na gan shi. Mai jin muryata sosai a gidan ɗaya ce, akuyata Ƙyalla, ja mai farin tabo a goshi. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta ba ni ita tana 'yar mitsitsiya, ran da na fara kai azumi har magariba. Ta yi mata tsaga biyu a kunnen hagu, shaidar da take yi wa duk dabbar da ta fito daga hannunta. Ni ke ba ta dusa, ni ke tsinto mata harawa, kuma ita nake karanta wa haddar makaranta tana tuƙa.

Baba tsohon akawu ne a wajen sayen gyaɗa a tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa. Da gyaɗa ta lalace kamfani ya tattara ya tafi, sai manaja ya bar masa injin lissafin ofis a matsayin tukuicin zaman lafiya. Baba ya dawo gida ba aiki, sai 'yar gona da wannan inji. Baƙin ƙarfe ne zalla, nauyinsa kamar dutsen niƙa. A samansa akwai ƙananan harsuna da ake turawa a jera lamba, a gefen dama kuma marfi irin na keken ɗinki da ake juyawa, yana ƙara ƙarr, ƙarr, wani lokaci ya buga 'yar ƙararrawa. Duk Juma'a Baba zai fito da shi, ya goge, ya ɗiga masa man keke, ya lissafa abin da ba wanda ya tambaye shi, ya mayar. Inna takan ce da ana yi wa ƙarfe suna, da tuni an yanka masa rago.

Muna nan sai taubashin Baba ya dawo daga Makka. Ɗan gwaggonsa ne, mai sayar da hatsi a kasuwar Alhamis ta Maigatari. Mahaifinsa Bafillace ne daga wajen Ɗanzomo, mu kuma Mangawa, don haka wasa biyu ne a tsakaninsu, ga na taubasantaka ga na ƙabila. Ban taɓa jin sun gaisa ba tare da ɗaya ya kira ɗaya bawansa ba. Sauran alhazai sun dawo da rediyo da agogo da haƙorin Makka, shi kuwa Alhaji injin lissafi ya ɗauko, fari, mara nauyi, girmansa bai wuce littafin karatu ba. Maɓallai ne da shi masu laushi, in ka danna sai lambobi kore shar su haska a wata 'yar taga. Ba marfi, ba ƙara. Duk wanda ya je yi masa barka da zuwa, sai ya sha zamzam, ya ci dabino, sannan a tambaye shi shekarunsa a ninka masa su da na matarsa.

Ran da Baba ya je gaisuwa ni ce na riƙe masa butar da za a zubo wa Kaka zamzam. Ina raɓe a bakin ƙofa na ji Alhaji yana cewa, "Bawana, je ka kai wa maƙera tsohon jakinka su yi maka fartanya da shi. Ga doki ya zo gari."

Baba ya ɗaga farin injin da yatsa biyu, ya taɓe baki. "Wannan kwalin? Ɗan Fillo, sun ga baƙauye sun sayar maka da akwatin sabulu. Abin da ba shi da nauyi ina zai ajiye hankali?"

"A gwada mana!"

"A gwada! Ranar Asabar bayan la'asar, a ƙofar gidana. Wanda ya riga ba da amsa shi ya ci. Wanda aka kayar ya yanka wa jama'a dabba."

Liman yana wajen, ya yi gyaran murya ya ce in dai jama'a ne za su ci naman a matsayin sadaka, to ba caca ba ce. Ni dai na lura ya haɗiye yawu kafin ya ba da fatawar.

Alhaji ya ce yana da rago a ɗaure. Ya dubi Baba. Baba ya ce, "Ni ma ga jar akuya can a gida, ta yi ƙiba har tana nishi."

Butar ta kusa suɓuce mini. Jar akuya ɗaya ce tak a gidanmu. Na so in ce wani abu, amma ɗakin cike yake da manyan riguna, sai na ƙara raɓewa a bakin ƙofa. Da muka koma gida na faɗa wa Inna cikin raɗa. Ta ce maganar maza ce ta fatar baki, kafin Asabar sun manta. Ba su manta ba. Kafin Asabar ɗin har masu tallan fura sun san da gasar.

Alƙalin da suka yarda da shi wani dattijo ne dillalin dabbobi a kasuwar Maigatari. Bai san ko bihim a boko ba, amma an shaide shi da cewa bai taɓa karkatar da ciniki ba. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, aka fito da tebur, aka ɗora injunan gefe da gefe. Jama'a suka taru har da masu hawa katanga. Mata suka cika zaure suna leƙe. Aka jawo ragon Alhaji aka ɗaure a turke ɗaya, aka jawo Ƙyalla aka ɗaure a ɗaya. Mahaucin unguwarmu ya zo da wuri ya zauna kusa da su, yana duban wannan yana duban waccan kamar mai zaɓen zane.

Dillali ya ce shi ba ya yanke hukunci a kan dabbar da bai taɓa ba. Ya naɗe hannun riga, ya fara da injin Baba. Ya ɗaga shi ya yi nishi, ya shafa gefensa kamar mai neman haƙarƙari, ya leƙa ƙarƙashinsa.

"Wannan akwai ƙashi. Me yake ci?"

"Man keke, ɗigo biyu," in ji Baba yana gyara hula.

"Shekarunsa fa?"

"Ya girmi yarinyar can, kuma bai taɓa kwanciya ciwo ba."

Ya juya kan na Alhaji, ya ɗaga shi da hannu ɗaya har ya kusa jefar da shi don ya zaci da nauyi. Ya ƙirga maɓallan da yatsa kamar mai duba haƙora. "Wannan kuma ɗan shila ne. Shi me yake ci?"

"Batirin tocila guda shida."

Jama'a suka ce, "Kai!" Wani daga kan katanga ya ce, "Ai ya fi rediyon mai unguwa ci!"

"Mai gudu dole ya ci," in ji Alhaji. "Kuma yana riƙe lissafi a ka. Ka ba shi lamba ajiya, ka je ka yi alwala ka dawo, tana nan."

"Nawa tagarsa ta fi faɗi," Baba ya katse shi. "Lambar da zai ɗauka, naka sai ya yi amai."

Sai aka zo kan wanda zai riƙa karanta amsa, don ba wanda ya yarda ɗan'uwansa ya karanta tasa da kansa. Dillali ya ce a samo ɗan makaranta wanda ba ya ƙarya. Alhaji ya hango ni a bayan zanen Inna, ya ce, "Ga 'yar bawana can. Wannan ko magana ba ta yi, balle ƙarya." Aka yi dariya, aka turo ni tsakiyar fili. Ga idanun unguwa duka a kaina, ga Ƙyalla ta gan ni ta fara kuka tana jan igiya.

Nan take aka ci karo da matsala. Alhaji ya kunna injinsa, ya danna, ya ce in karanta. Na duba tagar, ba komai. Ni na riga na lura tun a ɗakinsa cewa koren hasken nan sai a inuwa mai duhu yake fitowa, a fili kuwa hasken rana shanye shi yake. Baba ya tashi tsaye don murna. "Dokin naka makaho ne da rana! Mujiya ka sayo!" Alhaji ya kare tagar da hula, ya kare da tafin hannu, a banza. Can sai Kaka ta aiko da wani baƙin zanenta mai kauri, aka lulluɓe ni da shi tare da farin injin da hannun Alhaji, kamar mai ɗaukar hoto na bakin kasuwa. A cikin duhun sai ga lambobin sun fito tar, kore kamar idon kyanwa.

A ƙarƙashin zanen nan na gano wani abu game da kaina. Da zarar na daina ganin idanun mutane, sai tsoron ya ragu da rabi.

Wani manomi ya kawo tambayar farko, damman geron da shi da ƙannensa suka samu a gonaki daban-daban, a haɗa. Kafin ya rufe baki yatsun Alhaji sun gama rawa, amsa ta fito. Na faɗa. Baba kuwa yana can yana tura harsuna, ya juya marfi, ya share, ya sake turawa. Da ya gama aka ɗaga zanen na leƙa tasa tagar. Amsa iri ɗaya ce, ba bambanci ko na ƙwaya. Dillali ya ajiye tsakuwa ɗaya a gaban Alhaji.

Ta biyu wani direban babbar mota ne ya kawo, buhunan da ke cikin lodinsa a ninka da tiyoyin da ke cikin kowane buhu. Alhaji ya danna sau 'yan kaɗan ya naɗe hannu, har ya ɓare goro. Baba ya kama marfi yana juyawa, gumi yana bin gemunsa, yara suna taya shi ƙirge. Mahauci ya matsa kusa da Ƙyalla. Ta wata 'yar huda a zanen na gan shi yana gwada kaifin wuƙa a farcen babban yatsansa. Na faɗi amsar ina jin kamar ni ce nake miƙa masa wuyanta. Na yi tunanin in rage lamba ɗaya, wa zai sani? Amma tagar Baba za ta tona ni, kuma Alhaji ya riga ya shaide ni a gaban jama'a.

Sau ɗaya Baba ya samu sa'ida. Wani tsoho mai son fitina ya ce a lissafa masa ƙwayoyin geron da ke cikin rumbuna goma, ya ba da wasu lambobi masu tsawo. Farin inji ya cika tagarsa, ya fito da wata alama a gefe, ya ƙi motsi. "Ya ƙware!" in ji Baba. Nasa ya yi ta gurnani har ya kawo amsar da ni kaina ban san yadda ake kiranta ba, sai ɗaya bayan ɗaya na jero lambobin. Aka yi tafi, dillali ya ba Baba tsakuwa. Amma da aka zo rabawa, abin ya zama abin tausayi. Injin Baba in yana raba lamba sai an yi ta juya marfi baya, yana buga ƙararrawa, a dawo gaba, a matsa, a sake. Wata tsohuwa daga zaure ta ce, "Ku ƙyale shi haka mana, ba ku ji yana kuka ba?"

Da rana ta yi ƙasa dillali ya dubi tsakuwoyin, ya share murya. "Jama'a, in da saye zan yi in kai ƙauye, baƙin nan zan ɗauka. Ba ya ci, ba ya tsoron rana, kuma yana ɗaukar kaya mai nauyi. Amma ni da abin da baki ya furta nake aiki. An ce wanda ya riga. Ba a ce wanda ya fi ƙarko ba, ba a ce wanda ya fi sauƙin kiwo ba. Fari ya riga."

Wuri ya kaure. Alhaji ya zare hannunsa daga ƙarƙashin zanen ya tashi yana taka rawa da babbar riga, aka manta da ni a lulluɓe. Ta hudar nan na ga dillali ya kwance igiyar Ƙyalla. Sai dai shi mutum ne da ya shekara yana ciniki, kuma a wajensu dabba ba ta sauya hannu sai mai ita ya furta da bakinsa. Ya ɗaga igiyar sama yadda yake yi a kasuwa, ya ce da ƙarfi, "Mai akuya, a sallama!"

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sall..."

"Ban sallama ba!"

Wallahi ni kaina ban san muryar tawa ta kai haka ba. Mutane suka juyo suna duban baƙin zanen da ke kan tebur. Tsohon nan mai ƙwayar gero ya ja da baya yana salati, ya ce, "Alhaji, har magana yake yi?"

Dillali ya zo ya ɗaga gefen zanen, muka haɗa ido. "'Yata, ke ce?"

Na ja zanen na sake rufe fuskata, sannan na ce, "Tawa ce. Kaka ta ba ni. A duba kunnenta na hagu."

Ya duba, ya ga tsaga biyu. Daga cikin zaure Kaka ta ɗaga murya, "Shaidata ce, Malam. Tun ɗazu nake jira in ga ko akwai mai kunya a cikinsu." Dillali ya juya ga Baba, ya ce a kasuwar Maigatari wanda ya kawo dabbar da ba tasa ba, ba ya kwana a gida. Ya miƙo mini igiyar ta ƙarƙashin zane.

"To, Malam akawu, kawo wata dabbar."

Baba ya ce akwai tunkiya. Kaka ta ce tata ce. Ya ce to kaji. Inna ta ce daga zaure, a hankali amma kowa ya ji, "Na gadona ne." Ya ce zabbin nan fa? Aka ce na yayata ne, da kuɗin kitso ta saya. Har agwagwar da ke yawo a bakin rijiya ya ambata, maƙwabciya ta ce kada ma a fara. Alhaji ya zauna a ƙasa don dariya, hawaye na zuba. "Bawana, ashe kai baƙo ne a gidan nan! Me ka mallaka ban da gemu?"

Sai Baba ya dubi baƙin injin. Alhaji ya bi idonsa, ya ce shi ke nan, a ba shi tsohon jakin, shi kuma zai yanka ragonsa don Gumel ta shaida Bafillace ya ciyar da Mangawa. Dillali ya tambayi Baba ko ya sallama. Na ga ya cire hularsa ya goge marfin da ita, sannan ya ce, "Na sallama," da wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba. Da kansa ya ɗauki injin a ka har gidan Alhaji, yara na biye. Na ci naman ragon, amma bai yi mini daɗi ba. Na zaci duka zan sha. Washegari Baba ya same ni ina ba Ƙyalla dusa, ya tsaya a kaina ya ce, "Ashe kina da murya."

Ba a rufe damina ba labari ya juya. Farin inji ya yi ta cin batir har Alhaji ya gaji da saye, sai ya koma yi masa dabarar da kowa ke yi wa batirin rediyo, a shanya a kan kwano ya sha rana a mayar. Wata rana suka fashe a cikinsa, wani farin ruwa ya cinye masa hanji. Mai gyaran rediyo ya buɗe ya rufe, ya ce wannan sai dai a mayar da shi Makka. Ya ƙare a cikin jeren kwanukan matar Alhaji, an rufa masa ɗan kyalle mai ado. Ga Alhaji ya riga ya saba wa abokan ciniki da lissafin inji, ga baƙin jaki a ɗaki bai san ta inda ake kama shi ba. Da kansa ya zo ƙofar gidanmu yana sosa ƙeya. Daga ranar, duk Alhamis Baba ke shiga gaban mota zuwa Maigatari da injinsa a cinya, shi ne akawun rumfar hatsi, har ƙarfinsa ya ƙare. Kuma duk wanda ya zo rumfar sai Baba ya juya marfi ya tambayi Alhaji da ƙarfi, "Ɗan Fillo, ina labarin doki?" Ƙyalla kuwa tagwaye ta haifa a kakar nan, kuma tsufa ne ya kashe ta.

Wannan ne na ba jikokina. Na ce kafin ku ce wannan ta fi waccan, ku fara yin abin da dillali ya yi, ku tambayi me take ci, wane kaya za ta ɗauka, kuma a wane gari za ta zauna, don Baba bai faɗi saboda injinsa ba shi da kyau ba, ya faɗi ne saboda da bakinsa ya zaɓi filin da ba nasa ba. Sannan na ƙara musu da wanda ya fi zauna mini. In aka ɗaga igiyar abin da yake naka ana neman a sallama, ka buɗe baki ka ce ba ka sallama ba, ko da sai ka lulluɓe fuskarka da zane kafin muryar ta fito.